Riƙon Ɗan Wani a Garin Baƙi

Tun da Allah Ya ja kwanana har na ga jikokin waɗanda muka zo Kubwa tare da su, a zamanin da Janar Babangida ya tattaro gwamnati daga Ikko ya dawo da ita Abuja cikin watan Disamba na 1991, da wuya wata ya kama ya mutu ba a sami wanda ya yi mini sallama a ƙofar gida, ko ya tare ni bayan an idar da Magariba, yana neman shawara a kan sha'anin riƙo ba. Wani ya daɗe da aure Allah bai nufe shi da haihuwa ba. Wani ƙanensa ya riga mu gidan gaskiya ya bar ƙanana. Wata kuwa ta aurar da nata duka, gida ya yi mata faɗi. Kowa da dalilinsa, amma tambayar ɗaya ce: "Baba, ta wace ƙofa zan bi?" Amsar da nake bayarwa ba ta cika yi musu daɗi ba, domin nakan ce su nemi ƙofar da za a fi tsananta musu bincike, su guji wadda za a tarbe su da fara'a a miƙa musu yaro ba tare da an tambayi ko sunan unguwarsu ba.

A ƙasar Zazzau inda na tashi, da wuya ka shiga gida uku ba ka tarar da ɗan riƙo ba. Uwa tana jin kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, saboda haka da an yaye shi sai kaka ko goggo ta goye shi ta tafi, a can zai girma. Matar da ba ta haihu ba, ɗan'uwanta yakan ba ta ɗaya daga cikin nasa don ta sami mai ɗebe mata kewa; amarya kuma a haɗa ta da 'yar zaman ɗaki. Baba ta Karo, wadda Baturiya Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ba ta rasa 'ya'yan da ta raina ta aurar ba. Duk wannan ana yin sa babu takarda, babu sa hannu, babu alƙali. Sai dai wanda ya ɗauka cewa tsabar kirki kaɗai ke riƙe da al'amarin bai san zaman da ba. Mutanen da ma akwai azzalumai a cikinsu; abin da ya taka musu burki shi ne ido. Uwar yaro tana nan unguwa ta gaba, za ta zo suna, za ta zo biki, kuma ko da kunya ta hana ta magana, idonta zai kai kan wuyan ɗanta da kaushin ƙafarsa; in ta ga ya rame, kafin Juma'a magana ta kai kunnen kawu, daga kawu ta kai zauren mai unguwa, wanda aka ƙwace ɗa daga hannunsa kuwa ya sha abin gori har jikokinsa.

To, wannan idon ne babu shi a Kubwa. Gari ne na Gbagyi tun asali, gwamnati ta zo ta zuba gidaje, jama'a suka kwararo daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, har ya zama tun daga Phase 2 zuwa Phase 4, daga PW zuwa Byazhin, mutum yakan shekara bai san sunan wanda suka haɗa katanga ba. Maigida da uwargida sun kama hanyar cikin gari tun da duku-duku don gudun cunkoso, ba su dawowa sai bayan Isha'i. Dangi kuwa suna Funtuwa, ko Azare, ko Gwoza, sai dai gaisuwa ta waya. A irin wannan zama ne za ka ga yarinya 'yar shekara tara, da hijabin da ya koɗe, ta rataya jakar makarantar ɗan masu gida, ta riƙe hannunsa har bakin ƙofar makaranta, ta tsaya sai ya shige, sa'an nan ta juya ta koma ga tulin wanke-wanke da jiran mai ruwa. In ka tambaya, sai a ce maka 'yar riƙo ce, an ɗauko ta daga ƙauye don a taimaki iyayenta. Alhali akwai wata dillaliya da ke zuwa ƙarshen wata ta karɓi kuɗin aikinta. Wannan bauta ce aka lulluɓe da mayafin zumunci, kuma mu da muke gani muna wucewa masallaci muna da namu kason na alhaki.

Malamanmu ba su bar wannan babi a hannun kyakkyawar niyya kaɗai ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maraya ne. Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi, kakansa Abdulmuɗɗalibi ya riƙe shi, bayansa baffansa Abu Ɗalibi, Annabin kuma ya riƙi Aliyu a gidansa, ya yi wa mai ɗaukar nauyin maraya bushara da maƙwabtaka da shi a Aljanna. Amma da aka riƙa jingina Zaidu ɗan Harisa gare shi kamar ɗan cikinsa, sai Suratul Ahzabi ta sauka ta hana, ta yi umarni a kira kowa da sunan ubansa. Daga nan fuƙaha'u suka rarrabe kafala, wadda ake kwaɗaitarwa a kanta, da tabanni, wanda aka haramta. A mazhabarmu ta Malikiyya an jera masu haƙƙin reno daki-daki: uwa, sa'an nan kaka ta wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa, kafin a waiwayi ɓangaren uba. Jaririn da aka tsinta kuwa, ɗaukarsa farilla ce ta kifaya a kan al'umma, wato in kowa ya wuce ya bar shi, gari duka ya yi zunubi. Kuma Sayyidina Umar ya hukunta cewa ɗa ne, ba bawa ba, ciyar da shi yana kan baitulmali. Wanda ba shi da waliyyi, hukuma ce waliyyinsa. Ashe ke nan mai cewa shi don Allah zai yi, babu ruwansa da gwamnati, bai karanta babin har ƙarshensa ba.

Dokar da ke aiki a nan ita ce Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda Shugaba Obasanjo ya sa wa hannu. Jihohin Arewa sun daɗe suna ɗari-ɗari da ita saboda maganar shekarun aure da ta tabanni, har Kano ba ta kafa tata ba sai a 2023, amma a Babban Birnin Tarayya ta hau kan kowa tun daga farko. Abin da mutanenmu da yawa ba su lura da shi ba shi ne, dokar ta ware babin riƙo daban, babin mayar da yaro ɗan cikinka daban, kuma na farkon bai yi nisa da kafala ba: kotu ta ba ka reno da ciyarwa da ilmantarwa, ba ta sauya wa yaro asali ba, tana kuma da ikon karɓe shi ranar da ta ga ka yi masa riƙon sakainar kashi. Sharuɗɗan ba ɓoyayyu ba ne. Mai nema ya zama ɗan ƙasa, ya kai shekara 25, ya girmi yaron da aƙalla shekara 21, yana da abin ɗaukar nauyinsa, an shaide shi da mutunci, likita kuma ya tabbatar da lafiyar jikinsa da ta hankalinsa. Wanda ba shi da aure sai ya kai 35, kuma namiji ba a ba shi mace. Ba a tara wa mutum ɗaya fiye da yara uku sai da dalili mai ƙarfi. A Ingila, inda ƙaramar hukuma ko wata ƙungiya mai lasisi ke tantance mai riƙo ta horar da shi, har alawus ake biyansa. A nan kuwa kada ka sa rai, daga kuɗin makaranta har na asibiti duk a wuyanka suke.

Gidajen marayu suna da yawa a Abuja. Akwai na hukuma a Gwako, ta wajen Gwagwalada, akwai na ƙungiyar SOS a Gwagwaladan, akwai kuma na coci-coci da na ƙungiyoyin Musulmi da na ɗaiɗaikun mutane birjik, waɗansunsu bayin Allah ne da suka ƙarar da abin hannunsu a kan 'ya'yan da ba su haifa ba, waɗansu kuwa allon suna kawai suka kafa. Abu guda ya haɗa su: babu wanda doka ta ba ikon ya ɗauki yaro ya damƙa maka don kansa. Hanyar tana farawa daga ofishin jin daɗin jama'a na Hukumar Babban Birnin Tarayya, ta ƙare a Kotun Iyali. Saboda haka in ka shiga gida, ka nemi ganin takardar rajistarsa; ka tambayi yadda yaron ya zo hannunsu, ko akwai rahoton 'yan sanda, ko an yi cigiyar danginsa; ka koma wata rana ba tare da ka sanar ba, da tsakar rana, ka ga abin da ke cikin kwanon yaran. Mai gaskiya zai tura ka ofis ya ce ka yi haƙuri. Wanda ya rage murya ya ce zai sauƙaƙa maka, ya yanka farashi, namiji da kuɗinsa mace da nata, to ka tashi ka kaɗe rigarka, in da hali ka biya ta ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, wadda ita ma a 2003 aka kafa ta. Ba mu manta da yaran Kano tara da 'yan sanda suka gano a jihar Anambra a 2019 ba, an sace su, an sayar, an sauya musu suna. Waɗanda suka saye su ma ai cewa za su yi ɗa suke nema.

Wani maƙwabcina da ya bi hanyar hukuma ya roƙe ni in zauna tare da shi ranar da jami'ar jin daɗin jama'a za ta zo duba gida. Mace ce matsakaiciya, da tsohon fayil a hammata, ta gaida mu da ladabi, ta ƙi shan lemon da aka kawo. Falon da aka share aka fesa wa turare ko kallo bai ishe ta ba. Sai ta ce, "Alhaji, a ina zai kwana?" Aka kai ta. Ta ɗaga katifa, ta taɓa gidan sauro, ta leƙa makewayi, ta tambayi wa ke gida daga safe zuwa La'asar, ta tsaya a bakin rijiyar tsakar gida ta ce a yi mata murfi da kwaɗo kafin ta dawo. Daga nan ta roƙi arziki mu ba ta wuri, ta keɓe da uwargida, ashe tambayarta take, "Hajiya, ke kika so, ko Alhaji ne ya so kika bi?" Da ta tafi mutumin ya cika ya batse, yana cewa shi da ya yi shekara da shekaru yana aikin gwamnati ne yarinya za ta zo tana ɗaga masa katifa. Na ce masa, Alhaji, aikin da idon dangi yake yi a da shi ta yi, kuma tambayar da ta yi wa Hajiya ita ce uwar tambayoyin, gama kai fita za ka yi da asuba, ita za a bar wa kashi da fitsari da kukan dare.

Samun yaron shi ne mafi sauƙin al'amarin. Za ka ji masu cewa tsintacciyar mage ba ta mage, kuma sau da yawa daga bakin danginka maganar za ta fito. Yaran gida suna lura da wanda aka fara zuba wa abinci, da wanda aka aika cikin ruwan sama, da ko shaddar Sallah daga turmi ɗaya aka yanko. Abin da suka gani a hannunka shi za su yi masa bayan ranka. Kada ka rubuta sunanka a gurbin uba a takardar haihuwarsa, kada kuma ka ɓoye masa asalinsa har ya ji shi a bakin abokin faɗa, ko ranar da aka je nema masa aure; a sanar da shi da kaɗan-kaɗan tun yana ƙarami, gwargwadon hankalinsa. In yana da dangi, komai talaucinsu, a riƙa kai shi. Akwai kuma mas'alar muharramaka, wadda ake mantawa sai yaro ya balaga a shiga ruɗani: in jinjiri ne da bai wuce shekara biyu ba, uwargida ta shayar da shi in tana da nono, ko 'yar'uwarta in namiji ne, ko 'yar'uwar maigida in mace ce, kuma a wurin Malikawa ko sau ɗaya nonon ya isa cikinsa ya wadatar.

Saura gado, inda na ga gidaje masu mutunci sun watse tun ba a yi sadakar bakwai ba. Ɗan riƙo ba ya gadonka, ko da shi ya yi jinyarka ya kuma sa ka a kabari. Shari'a ta buɗe maka ƙofa biyu. Ta farko wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, a rubuta ta a gaban adilai biyu, a ajiye kwafi a hannun wanda ba magaji ba. Ta biyu kyauta, kuma ita ta fi ƙarfi, da sharaɗin ka yi ta kana da lafiya, domin kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, wadda kuma ba a karɓa ba har mai ita ya cika, ta ɓaci, ta koma cikin abin da za a raba. In fili ne ka ba shi a Byazhin ko Dutsen Alhaji, faɗa da baki a gaban iyali ba ta isa ba. Ka tafi da shi da shaidu ya taka iyakarsa, a sauya suna a takardar fili, in kuwa bai balaga ba ka nemi malami ya nuna maka wanda zai karɓa a madadinsa.