Mangaza kafin hunturu

A Damagaram, da Nuwamba ta kama nakan buɗe mangazar bayan gida. Da damina gara da laima nake tsoro. Da hunturu kuwa, bushewa. Iskar arewa maso gabas tana tsaga ƙwarya, tana ƙandarar da fata. Littattafan lakwal nakan zuba su cikin akwatin ƙarfe da busasshen ganyen dogonyaro, in ɗora bisa bulo. Waɗannan ko sun lalace, ana samun wasu. Gafakar marigayi mahaifina ce ke cinye mini yini: in shafe ta da man shanu kaɗan-kaɗan, in naɗe cikin tsohon zane. Takardun ajamin da ke ciki rubutun hannunsa ne, babu irinsu wani wuri, ƴaƴana kuma ba su iya karanta su ba tukuna.