Kainuwa Dashen Allah, da Abin da Ke Ƙarƙashinta

Ruwa ba ya tsami banza. Wannan magana ta tabbata ga wani tsohon malamin lakwal na Ibohaman, cikin gundumar Keita, ranar da jikansa ya soma fitsarin jini. Tsofaffin unguwa suka ce masa: "Malam, kada ka damu, alamar balaga ce." Zuciyarsa ba ta kwanta ba. A gidan likita aka shaida masa tsargiya ce, aka ba yaron ƙwayar farazikantel, aka kuma ce ya je ya dubi inda yaron yake wanka.

Malamin ya girma tare da madatsar ruwan garin, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1960 domin noman rani. Ya ga yadda laka ta riƙa cike ta, ya kuma ga aikin Furojen Keita, wanda ya fara a 1984. Amma bai taɓa tsugunnawa ya ɗaga ganyen bado ba sai ran nan. Da ya juya ganyen, sai ga ƙananan katantanwa manne da shi, da ƙwansu kamar majina.

Sannu a hankali ya gane cewa kowace ciyawar ruwa unguwa ce mai mazaunanta. Katantanwa na kiwon gansakukar da ke bisa ganye, tana ɓuya daga kifi. Tsutsar wani irin sauro tana soka bututunta cikin saiwar kainuwa ta sha iska. Ƴaƴan mazari kuwa suna laɓewa cikin kachalla suna farautar tsutsar sauro, kifi kuma ya ci su duka. Ƙwan tsargiya yana shiga ruwa ta fitsari, ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga katantanwa ta hayayyafa, sannan ta fito ta huda fatar mai wanka. Inda ciyawa ta yi kauri a mashigin ruwa, nan haɗari yake.

Ba a Adar kaɗai ake fama da wannan ba. A ƙasar Senegal, bayan gina madatsar Diyama a 1986, ciyawa ta yaɗu, tsargiya ta biyo baya. A 2023 masana suka nuna cewa tsame ciyawa daga mashigai ya rage kamuwar yara, ciyawar kuma ta zama taki.

Da fari malamin ya so a share tabkin ƙarƙaf. Wani masunci ya ce: "Baba, in ka kashe ciyawa duka, ka kashe tuwon kifi." Sai suka tsaya kan mashigin mata da yara kawai: samari da manjagara da takalman roba suna jawo ciyawar, ana kai ta garaken albasa. Jikan ya warke. Tun daga nan, kowace kaka malamin yakan koma bakin ruwa ya ɗaga ganyen bado, kafin ya bar yaro ya tsoma ƙafa.