Zoɓon baƙuwa a Jamus

Hunturun farko da na yi a Bonn, kewar zoɓo ta hana ni sakat. Wata dattijuwa maƙwabciyata ta kai ni bayan gari cikin Nuwamba, ta nuna mini jajayen ’ya’yan wardin daji, waɗanda Jamusawa ke kira Hagebutte.

“’Yata, sai sanyi ya dake su suke yin zaƙi. Ki tace da kyau, gashin cikinsu ƙaiƙayi ne.”

Ƙaya ta kakkarce ni kafin kwando ya cika. Na tafasa, na tace sau biyu da ƙyalle, na zuba citta da kanumfari. Tsamin ya yi kusa da na gida.

Daga baya na karanta jikin kwalin shayin wardi a kanti: ashe da zoɓo suke gauraya shi. Ɗan garinmu ya riga ni isowa.