Upper Iweka: Inda Ɗaurin Zane Yake Nuna Girman Namiji

Duk wanda ya ƙetare Kogin Kwara daga Asaba ta kan tsohuwar gadar da aka gama cikin 1965, ya shiga Anacha, ba zai yi wata nisa ba sai ya ga kansa a Upper Iweka. Nan ne hanyar Inugu da ta Owerri suka haɗu, nan ne kuma manyan motocin safa suke sauke fasinja suna ɗiban wasu dare da rana. Ko da yake an buɗe gada ta biyu cikin 2023, har yanzu wurin bai rabu da cinkoso ba. 'Yan kamasho na kiran garuruwa, 'yan dako na neman hanya, baƙo kuwa sai ya riƙe aljihunsa da kyau, gama wurin ya yi suna wajen 'yan sane.

A cikin wannan hayaniya akwai 'yan Arewa da yawa masu neman halaliyarsu: masu kayan gwari, da masu tsire, da masu gyaran takalma, da kuma teloli masu yawo da keken ɗinki a kafaɗa suna kaɗa almakashi don a san sun iso. Mutanen gari suna kiran irin waɗannan teloli Obioma, wato mai kyakkyawar zuciya.

Abin da yakan fara ba Bahaushe sabon zuwa mamaki shi ne ganin dattijo mai kamala, da jar hula da sanda da riga mai zanen kan zaki, wadda ake kira isiagu, amma ga zane ɗaure a ƙugunsa. A ƙasar Hausa zane na mata ne, saboda haka yaro marar wayo yakan yi dariya. To, wannan kuskure ne babba, domin wanda ake yi wa dariyar yana iya zama mai sarauta, wataƙila ma shi ne mai gidan da yaron yake haya. Wanda ya halarci bikin Ofala, wanda Obi na Anacha, Igwe Nnaemeka Alfred Achebe, yakan yi a watan Oktoba, zai ga manyan gari cikin zannuwa, wasunsu farare fat, suna takawa da ƙasaita gaban Sarkinsu wanda ya hau gado cikin 2002.

Ɗaurin kuwa yana da ƙa'ida. A ƙugu ake ɗaurawa tamau, a ƙulle ko a naɗe bakin yadda ba zai kwance ba ko da mutum ya shiga rawa. Ƙasan zanen ya sauka wajen idon sawu, ya daidaita gaba da baya, kada wani gefe ya fi wani. In ya ɗage ya zama na zaman gida, in kuma ya ja ƙasa sai ya kwashi taɓon da damina take barin Anacha da shi. Yadin da aka fi ji da shi shi ne Joji, wanda asalinsa daga Madaras ta ƙasar Indiya ne. Mutanen Kalabari na yankin Fatakwal suna kiran mai gidan dara daga cikinsa injiri, suna kuma adana shi a matsayin dukiyar gado.

A nan ne telan kan hanya yake cin abinci, a nan ne kuma yake iya jawo wa kansa asara. Aikin da ake kawo masa bai wuce kalmasa ba, amma in ya sa almakashi ba tare da ya sa mai zanen ya ɗaura ya tsaya a miƙe ba, ko ya yanka ta tsakiyar adon, to, ya ɓata yadin da kuɗinsa ya fi abin da yake samu a kwanaki da yawa. Abin da aka yanke ba ya komawa, kuma labarin tela mai ɓarna ba ya daɗewa bai zaga tasha ba.

Ba a ƙasar Ibo kaɗai maza suke alfahari da irin wannan sutura ba. A Sikotlan ta ƙasar Birtaniya akwai kilti, wani ɗan zane na ulu mai gidan dara, wanda akan ɗinka da yadi 8, a tattare shi ta baya a bar gaba a shimfiɗe. Daga cibiya ake auna shi, ya tsaya daidai ƙoƙon gwiwa, kuma tun da bakin saƙar ne yake zama ƙasansa, ta sama ake rage tsawonsa. Gwamnati ta hana sa shi cikin 1746 bayan tawayen mutanen tsaunuka, ba a ɗage dokar ba sai 1782. Da Sarki Joji na Huɗu ya ziyarci Edinbara cikin 1822, ya sa kilti don ya faranta wa jama'a rai, sai ga shi ya yi masa gajere, har yau kuwa ana tuna abin ana dariya. Ashe ko sarauta ba ta rufa wa mummunan awo asiri.

Shi kansa Bahaushe, in ya yi tunani, abin ba baƙo ba ne gare shi. Alhajin da ya ɗaura harami ya san wahalar zanen da bai kama ƙugu ba, ya san wajibi ne ya rufe daga cibiya zuwa gwiwa. Malamai kuma sun sha yin gargaɗi kada tufar namiji ta wuce idon sawu don girman kai. Wanda ya san darajar aska takwas a jikin babbar riga bai kamata ya kasa gane darajar Joji a ƙugun wani ba.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Tsofaffin telolin Upper Iweka, waɗanda suka shekara da shekaru suna zaune lafiya da masu gari, abu biyu suke koya wa yaron da ya sauka daga mota da kekensa: ya kama bakinsa in ya ga abin da bai saba gani ba, ya kuma auna sau biyu kafin ya yanka sau ɗaya.