Daren da firinta ta kusa kunyata ni

Waɗanda suka halarci taronmu na ƙarshen shekara sun ga na raba rahoton kuɗi, kowa da kwafinsa a hannu. Abin da ba su sani ba shi ne saura ƙiris a yi taron nan babu takarda ko ɗaya.

Kun san maganar kuɗin marayu ta ɗan ta da ƙura a watannin baya. Wasu na tambayar nawa aka tara, nawa aka biya na makaranta, ina ragowar. Shi ya sa shugaba ya ce a wannan karon ba karantawa kawai za a yi ba, a buga wa kowa ya gani da idonsa. Ranar Asabar da daddare na gama haɗa lissafin, shafi 3, kwafi 40. Na danna a buga, shiru. Na sake dannawa, shiru. Kafin in farga na danna sau 11.

Agogo ya nuna ƙarfe 10 da rabi. Shagunan buga takardu na wajen Kasuwar IBB da titin Maroko duk sun rufe, kuma yawancinsu ba sa buɗewa da wuri ranar Lahadi. Abin da ya fi damuna shi ne, idan na tashi gaban jama'a na ce firinta ce ta ƙi aiki, wa zai yarda? Wanda ke da zargi a zuciyarsa cewa zai yi an ɓoye wani abu ne.

Har na fara tunanin in sa ta a mashin da asuba in nemi mai gyara, sai 'yata babba ta ce, "Baba, ka bari mu bi ta ɗaya bayan ɗaya, yadda aka koya mana a makaranta." Na ce, "To bismilla, 'yar albarka."

Da farko mun duba abin da ido ke gani. Wutarta na kunne, akwai takarda a ciki, babu wadda ta maƙale, murfi a rufe. Muka zare wayar da ta haɗa ta da kwamfuta, muka hure ƙurar hunturu, muka mayar da kyau.

Na biyu, muka sa firintar ta buga shafin gwaji da kanta, daga maɓallin jikinta, ba tare da kwamfuta ba. Yawancin firintoci na da wannan. Shafin ya fito tas. Nan muka gane lafiyarta lau, tawada ma akwai. Da na kai ta wajen gyara, da an kwance na'urar da ba ta yi laifin komai ba.

Na uku, muka koma kan kwamfuta. Muka tabbatar sunan firintarmu aka zaɓa, domin wani lokaci Windows kan tura aiki ga wata tsohuwar firinta ko ya mai da shi fayil ɗin PDF, kai kuma kana ta jiran takarda. Sannan muka buɗe layin ayyukan da ke jiran bugu. A nan asiri ya tonu. A sahun gaba akwai wata wasiƙar gayyata da nake bugawa makon da ya wuce aka ɗauke wuta tana tsakiyar fita. Ta tsaya cak ta tare hanya, ayyukana 11 na bayanta a jere, kamar tirela ta lalace a hanyar Madalla da safiyar Litinin.

Mun ce a soke ta, ta ƙi sokuwa. Ga yadda muka yi, ko wani zai amfana. Muka danna maɓallin Windows tare da harafin R, muka rubuta services.msc. A jerin da ya fito muka nemo Print Spooler, wato mai kula da layin bugu, muka tsayar da shi. Muka shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS muka goge fayilolin da ke ciki kawai, ba mu taɓa komai a wajensa ba. Muka koma muka kunna Print Spooler, muka kashe firinta muka sake kunna ta. Na danna sau ɗaya tak. Sai ga ƙarar jan takarda. Ƙarfe 12 saura na gama haɗa kwafi 40.

Ga shawarata ga masu firinta a gida. Idan ta ƙi, kada a yi ta dannawa, layi kawai ake tsawaitawa. Mai amfani da tawadar ruwa tana bushewa idan an bar ta zaune, don haka a buga ko shafi ɗaya ne duk mako, a kuma rufe ta da ƙyalle lokacin hunturu. Mai garin tona kuwa da zafi take manna rubutu, tana jan wuta sosai, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarta yadda ya kamata. Da damina a ajiye takarda cikin ledarta, domin in ta sha danshi sai ta riƙa maƙalewa.

Nawa laifin shi ne barin aikin jama'a sai daren ƙarshe. Na yi wa shugaba alkawari, daga yanzu duk takardar taro za ta kasance a buge tun ranar Alhamis. Duk wanda tasa ta ƙi, ya same ni bayan taro mu duba tare kafin ya kashe kuɗinsa.

Allah ya bar zumunci, ya ba mu ikon riƙe amana.

Naku, Sakataren ƙungiya, Suleja