Littafin Bashin Mma

A ƙarshen shekarar 2022, lokacin da darajar sidi ke zubewa kullum, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 54 cikin ɗari, na zauna wata safiya a bencin mai shayi a Nima tare da ɗan ƙanwata. Mai shayin ya ƙara kuɗin ƙwai karo na biyu cikin wata guda. Yaron ya dire kofinsa ya dube ni ya ce, "Kawu, wai ina amfanin gwamnati in ba za ta iya tsawata wa 'yan kasuwa ba? A yanke farashi kawai, duk wanda ya ƙara ko sisi a kama shi." Mutanen benci suka yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa shayin ya ƙi wuce mini, domin na taɓa ganin ranar da aka yi abin da yake roƙo, kuma a ƙofar gidanmu na gan ta.

Ina da shekara tara a 1979. Mahaifiyarmu, wadda duk lungu ke kira Mma, tana da tebur a bakin zaure. Ba wani babban ciniki ba ne: sikari, madarar gwangwani, sabulu, ashana, kifin gwangwani, sai garin rogo da take aunawa da olonka. Ba ta yi boko ba, saboda haka ni ne magatakardanta. Ta saya mini littafin rubutu mai jan bango, kowane gida da shafinsa. Matar direba ta ɗauki sabulu, in rubuta. Tsohon mai gadi ya karɓi sikari har ƙarshen wata, in rubuta. Akwai shafuka biyu ko uku da na lura ba ta taɓa cewa in tara jimillarsu ba, na wata bazawara mai marayu da na wani almajiri makaho. Sai da na girma na gane dalili.

Yaran yanzu ba su san yadda kasuwa take a wancan zamani ba, don haka bari in ɗan tsaya a nan. Tun mulkin Acheampong gwamnati ke buga kuɗi tana biyan buƙatunta, har tsadar kaya ta wuce kashi 100 cikin ɗari a 1977. A hukumance dala ɗaya sidi 2.75 ce tun 1978, alhali a bayan fage ta ninka haka sau da yawa. Kowane kayan masarufi yana da farashin da hukuma ta yanke, wanda muke kira kantirol. To amma a kan wannan farashin ba kowa ke samun kaya ba, sai mai takardar izini, takardar kuwa tana hannun wanda ya san wani babba. Shi ya karɓa a kantirol ya sayar wa dillali, dillali ya sayar wa babbar 'yar kasuwa a Makola, ita kuma ta sayar wa irin su Mma. Kafin katan ɗin madara ya iso Nima ya bi ta hannu uku ko huɗu, kowa ya ɗora nasa. Wannan harka ce aka laƙaba wa suna kalabule. Wanda ya fi kowa cin riba shi ne na farko, mai takarda, wanda ko ɗaga katan bai yi ba. Wadda ake gani da ido kuwa ita ce ta ƙarshe, mai tebur. Hausawa sun riga sun faɗa, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Bayan juyin mulkin 4 ga Yuni aka ce za a tsabtace ƙasa. Ba na musun cewa mutane sun gaji, kuma da yawa daga cikin masu murna talakawa ne masu gaskiya. Na tuna samarin unguwarmu suna tafi. Wata rana da hantsi wasu masu kaki suka shigo lungunmu, yara na biye da su. Wani maƙwabci ne ya nuna gidanmu, kuma sunansa yana shafi na shida a littafina. Suka shiga har ɗaka, suka jawo katan biyu na madara da buhun sikari daga ƙarƙashin gado. Ba su dake ta ba, Allah Ya tsare, ko da yake a wasu wurare an zane mata a bainar jama'a. Sa ta suka yi ta zauna a kan kujerarta, aka kira mutane suka yi layi, ta sayar da kayanta da hannunta a farashin kantirol. Cikin rabin sa'a tebur ya zama wayam. Kuɗin da aka bar mata ba su isa su sayo sulusin abin da aka kwashe ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne layin. Rabin mutanen da ke ciki ban taɓa ganinsu a lungunmu ba. Masu ƙarfin kafaɗa ne suka shiga gaba, kuma da yamma aka ga madarar Mma a wata unguwa ana sayarwa a ɓoye da tsadar da ta fi tata. Bazawarar nan ba ta samu ko gwangwani ɗaya ba, domin a layin kantirol ba a ba da bashi, ita kuwa ba ta da kuɗi a hannu. Washegari ta zo kamar yadda ta saba, ta tarar da tebur a kife. Mma ta ce mini, "Ɗauke littafin nan ka ajiye, ba abin rubutawa."

A watan Agusta na shekarar aka rushe kasuwar Makola ta ɗaya, aka ce ita ce matattarar kalabule. Filin ya koma wurin ajiye motoci. Kaya ba su sauko ba, ɓacewa suka yi. A 1982 aka karɓe takardar sidi hamsin daga hannun jama'a, mutane suka koyi cewa ko kuɗin da ke ƙarƙashin matashinka ba naka ba ne. Sai 1983 ta zo da fari da gobarar daji da 'yan'uwanmu da aka koro daga Najeriya, muka ga yunwar da har yau tsofaffi ba sa son a tuna musu. Gwamnatin da ta riƙe bulalar ce kuma daga baya ta fara sassauta kantirol da kanta, kaya suka soma komawa kan tebura.

Na daɗe da wata damuwa da ban gaya wa kowa ba. A makarantar dare an koya mana cewa ɓoye abinci don a jira tsada zunubi ne babba, ni kuwa da idona na ga an fito da katan daga ƙarƙashin gadon uwata. Shekaru da dama bayan haka na kai maganar gaban malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa. Ya tambaye ni, "Tana hana mai saye ne don kaya su ƙara tsada, ko tana ɓoyewa ne don kada a ƙwace?" Na ce kullum tana fito da kaɗan-kaɗan tana sayarwa. Ya ce to in bar zargin mahaifiyata. Sannan ya ba ni labarin da Anas ɗan Malik ya ruwaito, cewa kaya sun taɓa yin tsada a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yanke musu farashi, ya ƙi. Ya mayar da al'amarin ga Allah, ya kuma nuna fargabar ya gamu da Ubangijinsa alhali wani na binsa haƙƙin dukiya. Malam bai ɓoye mini ba cewa malamai sun yi saɓani, har a mazhabarmu ta Malikiyya akwai waɗanda suka yarda shugaba ya sa baki idan 'yan kasuwa suka haɗa kai don cutar jama'a. Na karɓi wannan. Sai dai na lura ko su sun gindaya sharaɗin kada a hana mai kaya ribarsa ta adalci. Abin da aka yi wa Mma ba ya cikin wannan babi.

Tun daga lokacin nake da wani ra'ayi da abokaina ke tsokanata a kansa. Ina ganin aikin hukuma shi ne ta kama ɓarawo, ta hukunta mai tauye mudu da mai algus, ta tilasta wa mai cin amana ya biya, sannan ta janye hannunta daga teburin mutane. An ce mini a ƙasashen Turai masu irin wannan ra'ayi har suna gare su da littattafai. Ni ba a can na samo shi ba. Zango ne ya koya mini. Kakanninmu da suka bi hanyar goro zuwa Salaga da Kumasi ba wata ma'aikata ce ta shirya musu tafiya ba. Fatake suna sauka gidan maigida, ya ba su masauki, ya nemo musu mai saye, ya tsaya musu a kan bashi, abin da ya riƙe cinikin duka kuwa mutunci ne, domin wanda ya ci amana sau ɗaya labarinsa zai riga shi isa Kano. Masallatanmu, makarantun allo, adashin mata, kuɗin da ake tarawa in an yi rasuwa, duk da hannunmu muka kafa su. Ranar da takardar hukuma ta tuna da mu sosai ita ce ta Nuwamba 1969, da aka bai wa baƙi marasa izinin zama mako biyu su bar ƙasa. Yayan Mma, wanda aka haifa a nan, yana cikin waɗanda suka hau mota, bai sake dawowa ba.

Shi ya sa nake jin tsoro idan na ji matasanmu suna fatan hukuma ta yi ƙarfi, muddin za ta yi abin da suke so. A ƙidayar 2021 Musulmi kusan kashi ɗaya ne cikin biyar na mutanen Gana. Duk sandar da muka taya aka sassaƙa, akasarin lokaci ba a hannunmu za ta kasance ba. Da aka yi rigimar hana ɗalibai Musulmi azumi a wata makarantar kwana a 2021, me muka nema? Cewa muka yi a bar yarinya da Ubangijinta. To wanda ya nemi a bar shi da azuminsa, ya kamata ya iya barin maƙwabcinsa da cocinsa, ya bar mai tebur da farashinta. Sallar da aka yi don tsoron bulala ma ban san wa aka yi wa ita ba. Haka nake kallon buhunan shinkafa da sikarin da ke shigowa zango duk azumin da zaɓe ya matso. Ban hana kowa karɓa ba, yunwa ba ta da kunya. Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Ɗan ƙanwata ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "To Kawu, wanda ba shi da kuɗin ƙwan fa? Ya jira kasuwa ta ji tausayinsa?" Tambaya ce mai nauyi, kuma ban da amsar da za ta cika masa ciki a safiyar nan. Na san akwai 'yan kasuwa marasa imani, na san zakka ba ta fita yadda ya kamata a cikinmu, na kuma san littafin Mma gida ashirin kawai ya ɗauka, bai ɗauki ƙasa ba. Iyakar abin da na iya gaya masa shi ne na ga hanyar da yake so, kuma bazawarar da aka ce don ita ake yi ita ce ta fara kwana da yunwa. Idan yana neman wanda zai tuhuma a kan kuɗin ƙwai, ya fara da masu ciyo bashi da sunansa da masu buga sidi, kafin ya iso kan mai shayi da ke sayen kiret da tsadar da shi ma bai zaɓa ba.

Bai gamsu ba, na gani a fuskarsa. Ya ce zai yi tunani. Da muka tashi ya laluba aljihu, kuɗinsa ba su kai ba, ni kuma na riga na biya nawa da canjin da ke gare ni. Mai shayin ko ɗaga kai bai yi ba. Ya jawo wani littafi da maiƙo ya ɓata daga ƙarƙashin tebur, ya buɗe shafin yaron, ya rubuta.