Idon gidanmu

A lakkwal "Mitsitsi" ake ce mini, saboda ƙananan idanuna da tabarau mai kauri. Gadon gida ne: haka Kaka take, haka Baba. Kaka ta makance tun da ƙarfinta, dangi suka ce jifa ne.

Bara da azumi Baba ya farka cikin dare, kansa na sarawa, yana amai, yana ganin bakan gizo kewaye da fitila. Muka ce masassara ce, muka jiƙa saiwa. Sai kwana na uku muka kai shi asibiti.

Likita ta ce tansiyon ido ne, gilokom. Ƙwayar idon babba takan kai kusan milimita 24, ta Baba ba ta cika 20 ba. Wuri ya matse, hanyar fitar ruwan ido ta toshe, matsin ya kashe jijiyar gani. Wannan jijiya kuwa ba ta farfaɗowa. An ceci na hagu, na dama ya tafi.

Ta dube ni: "Kai ma, kowace shekara a auna ka."

Yanzu ni ke ɗiga wa Baba magani safe da yamma. Ƙanwata ma idonmu ta ɗauko. Ran Litinin zan kai ta awo, ko da zan rasa darasi.